Suna Ɗaya, Darasi Dabam: Yadda Kwamfuta Ke Daidaita Rumbunan Karatu na Intanet

  

Yau a filinmu na ilimi da fasahar zamani za mu tattauna kan wani aiki da ake yi a bayan fage. Ba a ganinsa da ido. Amma duk wanda ya taɓa neman darasi a intanet, ko dai ya ci moriyarsa, ko ya sha wahalar rashinsa. Aikin shi ne daidaita rumbunan darussa. Wato yadda kwamfuta za ta gane cewa abin da wannan makaranta ta ajiye da suna kaza, shi ne waccan ta ajiye da wani sunan dabam.

Bari mu fara da tushen matsalar.

A shekarar 2001, jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet kyauta. A 2002 kuma hukumar UNESCO ta yi taro a Faris, inda aka raɗa wa irin waɗannan kaya sunan kayan ilimi na buɗe, wanda kowa zai iya ɗauka. Daga nan jami'o'i da yawa suka bi sahu. A Najeriya ma, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, ta sa littattafan kwasa-kwasanta a shafinta. Darussa suka yi yawa. Sai dai kowace cibiya ta jera nata bisa tsarinta, da sunayenta, da matakanta.

Ga misali. Wata malama a Katsina tana koyar da aji shida na firamare. Tana neman darasin lissafi. Wani rumbu daga Jamhuriyar Nijar yana da darussan ajin da ake kira siziyam, wato na shida da Faransanci. Shida da shida, ka ce abu ya yi. To amma a tsarin Nijar, wanda ya bi na Faransa, siziyam shi ne ajin farko na sakandare, domin a can lissafin azuzuwan sakandare daga sama yake gangarowa: shida, biyar, huɗu, uku. Ajin ƙarshe na firamare kuwa CM2 ake ce masa. Idan kwamfuta ta bi suna kawai, za ta miƙa wa malamar nan darasin da ya fi ƙarfin yaranta. Kuma malamar ba za ta san inda aka yi kuskuren ba.

Ku riƙe wannan, don za mu yi ta komawa kansa: suna kaɗai ba ya wadatarwa.

Abin ma ya girmi intanet. Ku shiga ɗakin karatu. Wanda ke bin tsarin Dewey, wanda aka fara a 1876, yana ajiye littattafan lissafi a lamba 510, na kimiyyar kwamfuta kuma a 004, can nesa da su. Wanda ke bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kuwa, lissafi yana ƙarƙashin QA, kuma kimiyyar kwamfuta tana cikin QA ɗin, a matsayin reshen lissafi. A wani tsarin 'ya ce, a wani tsarin kuma baƙuwa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa da yadda ya kalli ilimin.

Yanzu mu shiga kashi na biyu. Akwai wata kalma da masana ke yawan faɗa, ontoloji. Kada ta ba ku tsoro. Ontoloji taswira ce ta wani fannin ilimi, wadda aka rubuta yadda kwamfuta za ta iya karantawa. Tana faɗin rukunonin da ke akwai, kamar kimiyya, lissafi, aljabara. Tana faɗin dangantakarsu, cewa aljabara reshe ce ta lissafi, ko cewa sai an san ninkawa kafin a shiga rabawa. Sannan a ƙarƙashin kowane rukuni akwai ainihin kayan, wato darussa, bidiyo, da takardun gwaji. Wani masani mai suna Tom Gruber, a jami'ar Stanford, shi ya ba da ma'anarta da aka fi amfani da ita a fannin kwamfuta, a 1993. Daga baya Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, shi da abokan aikinsa biyu suka rubuta wata maƙala a 2001, suna hango zamanin da kwamfutoci za su riƙa fahimtar ma'anar abin da ke shafuka. A 2004 aka amince da wani harshe na musamman, OWL, don rubuta irin waɗannan taswirori.

Wani zai ce, to me ya hana duniya ta zauna ta yarda da taswira guda? An gwada wani abu makamancin haka. A 1995 an yi taro a garin Dublin na jihar Ohio a Amurka, wanda daga gare shi aka samu tsarin Dublin Core, mai gurabe 15 na bayanin kowane abu: take, mawallafi, fanni, harshe, kwanan wata da sauransu. A 2002 kuma ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da wani tsari musamman don kayan koyarwa, ana kiransa LOM, mai manyan sassa 9. A ciki akwai wurin rubuta shekarun ɗaliban da darasi ya dace da su, da wahalarsa, da tsawon lokacin da zai ci. Wannan ci gaba ne babba. Amma ku lura: an yarda da siffar fom ɗin ne, ba a yarda da abin da za a rubuta a ciki ba. A gurbin fanni, wani zai rubuta lambar Dewey, wani zai rubuta sunan kwas na jami'arsu, wani zai bar shi fayau.

Ni a ganina, ba za a taɓa samun taswira guda ba, kuma bai ma kamata a tilasta ba. Manhajar karatu tana ɗauke da tarihin ƙasa da buƙatunta. Abin da ya rage shi ne a riƙa haɗa taswira da taswira. A ce wannan rukuni na nan daidai yake da wancan na can, wannan kuwa ya fi wancan faɗi, wannan ba shi da takwara. Malami zai iya yin haka da hannu idan rukunonin talatin ne. Idan suka kai dubbai, sai an nemi taimakon na'ura.

Kashi na uku: ta yaya na'ura za ta yi?

Hanya mafi sauƙi ita ce auna kamannin sunaye. Wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Vladimir Levenshtein, ya kawo wani ma'auni a 1965. Ana ƙirga haruffa nawa za a sauya, ko a ƙara, ko a cire, kafin wannan kalma ta koma waccan. Idan kaɗan ne, a ce sun yi kusa. Yana aiki wani lokaci. Wanda ya rubuta kimiya da wanda ya rubuta kimiyya, harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma abu guda suke nufi. Amma ku saurari waɗannan: lissafi, littafi. Haruffa biyu kacal suka raba su, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Ga kuma falaki da ilimin taurari, abu guda ne, amma a haruffa sun yi nisa. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.

Sai aka ƙara da ƙamus mai haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya, irin WordNet da aka fara ginawa a jami'ar Princeton tun 1985. Ya taimaka, musamman a Turanci. Amma har yanzu suna ake kallo.

A nan ne dabarar da muke son mu daɗe a kanta ta shigo. Ana kiranta rarrabewa ta hanyar alamomi. Ku kasa kunne, don nan ne zuciyar shirin namu.

Ku tuna dillalin shanu a kara. Daga nesa zai ce maka wannan bunaji ce, wannan rahaji ce, wancan bokoloji ne. Ba takarda ya karanta a wuyansu ba. Ya dubi launi, ya dubi ƙaho, ya dubi tozo da leɓe. Fara ce mai baƙin kunne? Ja ce mai dogon ƙaho? Mai gajeren ƙaho ne da saukakken leɓe? Kuma ba a aji ya koya ba. Ya yi shekaru yana bin ubangidansa, ana nuna masa dabba ana faɗa masa irinta, har idonsa ya saba. Wannan shi ne ainihin abin da ake sa kwamfuta ta yi. A ba ta misalai da yawa waɗanda mutum ya riga ya faɗi rukuninsu. Ita kuma ta zaƙulo alamomin da ke bambanta su. Daga nan idan aka kawo mata sabon abu, ta faɗi inda ya fi dacewa. Fannin tsoho ne, tun 1973 Richard Duda da Peter Hart suka wallafa littafin da ya zama ginshiƙinsa.

To mene ne alamomin darasi? Kalmomin da ke cikinsa. Darasin ilimin halittu zai yi ta ambaton jini, tsiro, numfashi, ƙwayoyin halitta. Darasin aljabara zai cika da alamomin lissafi da maganar nemo adadin da ba a sani ba. Kwamfuta tana ƙirga waɗannan kalmomi, ta ga wace kalma ce ta fi yawa a wane rukuni. Idan sabon darasi ya zo, sai ta lissafa yiwuwar kasancewarsa a kowane rukuni, ta zaɓi mafi rinjaye. Lissafin yana komawa ga wata ƙa'ida ta Thomas Bayes, wani malamin coci ɗan Ingila, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa. Da irinta aka daɗe ana tace saƙonnin banza daga akwatin imel.

Yanzu ga yadda aka yi amfani da ita wajen haɗa taswira biyu. A 2002, masana huɗu a Jami'ar Washington ta Amurka, AnHai Doan, Jayant Madhavan, Pedro Domingos da Alon Halevy, suka fito da wata manhaja da suka kira GLUE. Cikin abubuwan da suka gwada ta da su har da kundin kwasa-kwasan jami'o'i biyu, ta Washington da ta Cornell.

Ku biyo ni a hankali. Muna da rukuni ɗaya a jami'a ta farko, da wani rukuni a jami'a ta biyu. Muna so mu san ko abu guda ne. Sai mu horar da kwamfuta da kwasa-kwasan jami'a ta farko: waɗannan suna cikin rukunin, waɗannan ba sa ciki. Idan ta koya, sai mu ɗauke ta mu kai ta jami'a ta biyu, mu ce, duba kwasa-kwasan nan, waɗanne ne za su shiga rukunin da kika koya? Daga nan mu juya. Mu horar da ita da rukunin jami'a ta biyu, mu dawo da ita kan kwasa-kwasan ta farko. Bayan haka kowane kwas yana da amsa biyu: yana cikin wannan ko ba ya ciki, yana cikin wancan ko ba ya ciki.

Sai ƙirga. Kwas nawa ne suka faɗa cikin rukunonin biyu a lokaci guda? Kwas nawa ne suka faɗa cikin aƙalla ɗaya? A raba na farko da na biyu. Mu ɗauka kwas 100 ne suka shiga aƙalla ɗaya, 80 daga cikinsu sun shiga duka biyun. Sakamakon kashi 80 cikin ɗari ke nan, alama mai ƙarfi cewa rukunonin takwarori ne, ko da sunayensu ba su yi kama ba. Idan kuwa 5 ne kawai, to ko sunansu ɗaya, ba abu guda ba ne. Wannan ma'aunin ma yana da tarihi. Wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Paul Jaccard, shi ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, lokacin da yake kwatanta tsirran wurare daban-daban a tsaunukan Alps.

Zan maimaita da gajeren zance. Ba a tambayi rukuni sunansa ba. An duba abin da ke cikinsa.

GLUE ba ta tsaya nan ba. Ba ta watsar da suna gaba ɗaya ba, tana da ɓangaren da ke duba cikakken suna tun daga tushen taswira, tana haɗa ra'ayinsa da na mai duba abin ciki. Sannan tana duba maƙwabta. Idan rassan wannan rukuni sun dace da rassan wancan, to akwai alamar iyayen ma sun dace. Masu binciken sun ba da rahoton cewa a gwaje-gwajensu ta daidaita tsakanin kashi 66 zuwa 97 cikin ɗari na rukunonin daidai. Kashi 97 abin yabo ne. Kashi 66 kuma yana nufin kusan ɗaya cikin uku kuskure ne. Duka lambobin biyu ya kamata mu riƙe.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda kwamfuta ke haɗa rumbunan darussa masu tsari daban-daban. Mun shiga kashi na huɗu: ta yaya za a san ta yi daidai?

Akwai wata hanyar da ake bi. Maimakon a rarraba darussa, sai a rarraba rukunonin kansu bibbiyu. A ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can, a auna kamannin suna, kamannin ma'ana, kamannin matsayi, kamannin abin ciki. A miƙa wa kwamfuta waɗannan lambobi ta yanke hukunci: sun dace, ko ba su dace ba. Amma akwai tarko a nan, kuma ina so ku gane shi sosai. Mu ɗauka kowace taswira tana da rukuni 500. Idan aka haɗa su bibbiyu, za a samu 250,000. Waɗanda suka dace da gaske, in kowane rukuni yana da takwara guda, ba za su wuce 500 ba. To kwamfutar da ta ce ba su dace ba a kowace tambaya, za ta ci kashi 99.8 cikin ɗari, alhali ba ta haɗa ko guda ba.

Don haka idan wani ya ce muku manhajarsa tana cin kashi casa'in da wani abu, ku yi masa tambaya biyu. Ta farko: cikin abin da ta ce sun dace, nawa ne gaskiya? Ta biyu: cikin waɗanda suka dace da gaske, nawa ta gano? Tambayoyin nan biyu suna jan juna. Idan ka tsananta mata, za ta rage kuskure amma ta bar da yawa a baya. Idan ka sassauta, za ta kwaso da yawa har da tarkace. Tun 2004 ake gudanar da wata gasa ta shekara-shekara mai suna OAEI, inda ake ba manhajoji taswirori iri ɗaya a auna su da waɗannan ma'aunai. Jérôme Euzenat na Faransa, ɗaya daga cikin jagororinta, shi da Pavel Shvaiko sun rubuta littafi sukutum kan fannin a 2007.

Wani abin da ke ba na'ura wahala shi ne ba kullum ake samun ɗaya da ɗaya ba. A ƙaramar sakandaren Najeriya ana koyar da kimiyya a dunƙule, fanni guda. A tsarin Faransa kuwa, ilimin halittu da na ƙasa suna gefe guda, fiziks da kemistri suna wani gefen. Rukuni ɗaya a nan, biyu a can. Kuma darasi biyu za su iya amfani da kalmomi iri ɗaya, ɗaya na yaro ɗan shekara 12, ɗaya na ɗalibin jami'a. Mai ƙirga kalmomi zai gane fannin, amma matakin yakan kuɓuce masa. Ga mai koyo kuwa, mataki shi ne kusan komai. Darasin da ya fi ƙarfin yaro ba ɓata masa lokaci kawai yake yi ba, yana iya sa shi ya yanke cewa shi ne ba ya ganewa. Wannan ne ya sa nake ganin duk inda aka haɗa taswirorin karatun yara, dole malami ya duba sakamakon kafin a sake shi. Na'ura ta kawo shawara, ta jera waɗanda take da tabbaci da waɗanda take shakka. Malami ya sa hannu.

Kashi na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Kwamfuta da misalai take koyo. Inda misalai suka yi kaɗan, koyonta ma kaɗan ne. Darussan Hausa a intanet ba su kai na Turanci ko Faransanci yawa ba, ko kusa. Waɗanda ke akwai ma, da yawa bidiyo ne ko sauti da aka ɗora ba tare da wani bayani ba, ko hoton shafin littafi wanda mai ƙirga kalmomi ba zai ga komai a ciki ba sai an fara mayar da shi rubutu. Ga kuma batun rubutu. Wani ya rubuta ƙasa da ƙa mai lanƙwasa, wani ya rubuta da ka, sai na'ura ta ɗauke su kalmomi biyu, ko ta gauraya ƙasa da kasa. Harafin farko na kalmar 'ya'ya, yadda ake rubuta shi a Najeriya dabam, a Nijar dabam. Wani kuma da ajami ya rubuta nasa.

Saboda haka, malamai maza da mata da kuke ɗora darussa, ga roƙona. Kada ku sa wa darasi suna irin darasi na 3 ku tsaya nan. Ku rubuta fannin. Ku rubuta batun. Ku rubuta ajin, ku haɗa da ƙasar da tsarinta kuke bi, sannan ku ƙara da shekarun yaran, domin shekara 11 a Katsina ita ce shekara 11 a Maraɗi. Ku faɗi harshen. Idan bidiyo ne, ku rubuta jimla uku ko huɗu a ƙasansa kan abin da ke ciki, da haruffan Hausa cikakku. Ku kuma faɗi ko an yarda wani malami ya ɗauka ya gyara ya yi amfani da shi. Ku shugabannin makarantu da ke da rumbun darussa, ku ajiye jerin rukunoninku a rubuce, tare da ma'anar kowanne da misalan darussan da ke ƙarƙashinsa, domin da waɗannan misalan ne za a horar da na'ura ranar da za a haɗa rumbunku da na wasu.